Daga Sifawa Zuwa Garin Kwal: Tarihin Inugu Da Basakkwacen Da Ya Zama Magajin Garinta Na Farko

Gabatarwa

Hausawa kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma da wannan karin magana ne iyaye kan ja kunnen ɗa a ranar da ya ɗaura kayansa zai tafi neman abin kansa. Sai dai su Hausawan ne kuma suka ce tafiya mabuɗin ilmi, suka ƙara da cewa zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Mafi yawan masu karanta wannan mujalla tsakanin waɗannan maganganu suke rayuwa, domin cibiyarsu tana binne a Sakkwato, alhali abincinsu da makarantar 'ya'yansu suna Legas ko Abuja ko Kaduna ko Fatakwal. Kowanenmu yakan tambayi kansa, ko da a zuci ne, wane matsayi gare shi a garin da yake zaune, kuma me garin yake binsa.

A kan wannan tambaya ce na ga ya dace a bana mu waiwayi tarihin wani gari mai nisa da mu, wato Inugu, wanda ya faro a matsayin sansanin leburorin haƙar kwal a gindin duwatsun Udi. Abin da ya ɗaura tarihinsa da namu shi ne, a ranar da aka ɗaga darajarsa ya zama birni mai cikakkiyar majalisa a shekarar 1956, wanda ya fara hawa kujerar Magajin Gari mutumin ƙasar Sakkwato ne, Malam Umaru Altine na Sifawa. Da yawa daga cikin samarinmu ba su taɓa jin sunansa ba, kuma laifin na manya ne da ba su ba da labarin ba.

Yadda Kwal Ya Haifi Gari

A shekarar 1909, shekara shida ke nan bayan Turawa sun ci Sakkwato, wani Bature masanin ma'adinai mai suna Albert Kitson ya ci karo da kwal a duwatsun Udi da ke ƙasar Ibo. A wancan zamani kwal shi ne abincin jirgin ƙasa da jirgin ruwa, kuma duk wanda gwamnatin mulkin mallaka take ƙonawa daga ƙetare ake kawo shi da tsada. Saboda haka ba a yi wata-wata ba aka shiga shirin haƙa. Aka buɗe mahaƙar Udi a 1915, aka bi ta da ta Iva Valley a 1917. Domin a sami hanyar fitar da kwal ɗin zuwa teku aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka kuma shimfiɗa layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 240 daga can zuwa mahaƙar, wanda aka kammala a 1916.

Filin da aka kafa sansanin na mutanen Ngwo ne da maƙwabtansu na Nike, manoma mazauna ƙauyuka. Sunan garin ma daga nasu aka ɗauko, Enugu Ngwo, ma'anar kashin farko a harshensu ita ce bisa tudu, kuma sai a 1928 aka yanke kashi na biyu. Ma'aikatan farko ba duka ne suka zo da son ransu ba. Sarakunan da Turawa suka naɗa, musamman Onyeama na Eke, su ne suka riƙa tara samari daga ƙauyuka suna turawa rami, sau da yawa bisa tilas. Wani shugaban leburori daga Anaca mai suna Alfred Inoma ya sauka da mutanensa a kan wani tudu da aka riƙa kira da sunansa. Daga baya aka gina wa ma'aikata unguwar Coal Camp, wadda aka fi sani da Ogbete, Turawa kuwa suka keɓe wa kansu unguwa a ƙetaren rafi, nesa da ƙura da hayaniya.

Aikin cikin rami aiki ne na ƙarfi da kasada. Akwai masu sara da diga, akwai masu tura taragu a kan siririn dogo, akwai masu kafa gumagumai don kada rufin ramin ya rufta. A cikin duhu da zafi da ruwa ake wuni, kuma gwargwadon taragun da aka cika ake biyan masu sara. Amma ko ba komai a ƙarshen wata akwai tsabar kuɗi a hannu, abin da ba a saba gani a ƙauye ba, kuma inda kuɗi suka taru can kasuwa take tashi.

Dogo, Shanu Da Zuwan Mutanenmu

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan Sakkwato da ramin da ke wata uwa duniya? Amsar tana kan layin dogo. An ci gaba da jan layin Gabas daga Inugu zuwa Makurɗi da Kafancan har ya haɗu da na Kaduna a 1927, aka kuma kammala gadar kogin Binuwai a Makurɗi a 1932. Ta ɓangarenmu, layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso birnin Shehu ba. Ke nan duk jirgin da ya kwashi gyaɗa da auduga da fatun jar akuyar Sakkwato daga Gusau ko Ƙaura, da kwal ɗin Inugu yake tafiya. Gumin leburan Iva Valley yana cikin kuɗin da kakanninmu suka karɓa a hannun kamfanonin Turawa, ko da kuwa ba su taɓa ganin juna ba.

Jirgin da ya kawo kwal Arewa shi ne ya koma da shanu Kudu. Ƙudan tsando ya hana kiwon manyan shanu a kurmi, ga kuma dubban masu albashi suna neman nama. Fatakenmu, waɗanda tun kafin zuwan Bature suka saba da hanyar Gwanja da ta Ikko, ba su buƙaci a koya musu abin da za su yi ba. Suka riƙa kora shanu a ƙasa zuwa tasha, su loda su, su bi ta Zariya da Kaduna da Kafancan da Makurɗi har Inugu, su dawo da manja da sauran kayan kurmi.

Yadda suka zauna a can bai bambanta da yadda Hausawa suke zama a kowane zango ba. Akwai mai masauki wanda yake saukar da baƙo, ya adana masa kuɗinsa, ya tsaya masa idan an ci bashi. Akwai dillali, akwai mahauta, akwai 'yan koli da masu ɗinki da wanzamai. Akwai liman da makarantar allo, sannan akwai Sarkin Hausawa mai sasanta rigima da tsayawa tsakanin jama'a da hukuma. Wasu sun bar iyalinsu a gida suna zuwa suna dawowa da rani, wasu sun ɗauko matansu, wasu kuma a can suka yi aure suka haifi 'ya'yan da suka tashi da harshe biyu a baki. Ta wannan hanya aka sami gidajen da reshe ɗaya yana Sakkwato ko Boɗinga ko Gusau, ɗaya reshen yana gindin duwatsun Udi.

Ranar 18 Ga Nuwamba, 1949

Ba za a fahimci siyasar da ta ɗaga Malam Umaru Altine ba sai an san abin da ya faru a Iva Valley. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu rayuwa ta yi tsada, ma'aikatan kwal suka kafa ƙungiya mai ƙarfi wadda Okwudili Ojiyi yake sakatarenta. A watan Nuwamban 1949 suka shiga jan ƙafa a wurin aiki saboda wasu kuɗaɗen baya da suka yi imanin suna bin hukumar mahaƙar. Hukuma ta kori wasu daga cikinsu, su kuwa suka ƙi fita daga rami don kada a kulle ƙofa a ɗauki wasu a madadinsu.

Gwamnati ta tsorata kada nakiyoyin fasa dutse da ke ajiye a wurin su faɗa hannun 'yan kishin ƙasa, sai ta aika 'yan sanda su kwashe su. Ranar 18 ga wata, a bakin mahaƙar, babban jami'in 'yan sanda F. S. Philip ya ba da umurnin buɗe wuta a kan mutanen da ba su riƙe da makami. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: a cikin 'yan sandan da aka tara domin wannan aiki akwai waɗanda aka ɗebo daga Arewa, domin ɗabi'ar mulkin mallaka ce ta sa ɗan wani yanki ya riƙe wa ɗan wani yanki bindiga.

Labarin ya girgiza ƙasa. Aka yi tarzoma a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba, 'yan siyasar Legas da ba sa ga maciji da juna suka haɗu a kwamiti ɗaya na gaggawa, Gwamna John Macpherson ya kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Fitzgerald. A 1950 aka miƙa mahaƙun ga sabuwar Hukumar Kwal ta Nijeriya. Daga wannan rana mutanen Inugu suka ƙara sakankancewa cewa abokin hamayyarsu shi ne mai mulkin mallaka, kuma duk wanda ya tsaya tare da su a wannan gwagwarmaya nasu ne, ko daga ina ya fito.

Daga Sansani Zuwa Birni

A ɓangaren mulki, garin ya hau matakai da sauri. A 1917 aka ba shi matsayin gari mai daraja ta biyu a ƙarƙashin jami'in Bature. A 1929 ya zama hedikwatar Lardunan Kudu, a 1939 ta Lardunan Gabas, daga nan ya zama babban birnin Jihar Gabas. Dokar ƙananan hukumomi ta 1950 ta kawo wa Gabas majalisun da ake zaɓa irin na Ingila, masu kula da kasuwa da tasha da tsabtar gari da rabon rumfuna da karɓar haraji. Wannan ya sha bamban da abin da muka sani a gida a lokacin, inda al'amura suke hannun En'e a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Allah ya jiƙansa, da majalisarsa da hakimansa.

A nan ya kamata a yi wa Basakkwace bayani kan kalmar Magajin Gari, domin a wurinmu sarauta ce babba ta gado, mai riƙe da ita yana cikin masu zaɓen Sarkin Musulmi. Wadda ake magana a kanta a Inugu kujera ce ta zaɓe, ta shugaban majalisar birni, mai wa'adi, wadda ƙuri'a take bayarwa ƙuri'a take karɓewa. 'Yan jaridar Hausa ne suka ara mata sunan don babu wanda ya fi shi kusa.

Malam Umaru Altine

Sifawa ba ɓoyayyen wuri ba ne ga duk wanda ya san tarihin jihadi, domin a can Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya ƙaura zuwa Sakkwato a 1815. Daga wannan gari, wanda yanzu yake cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga, Malam Umaru Altine ya fito. Bafulatani ne, sana'arsa fataucin shanu, kuma ita ce ta zaunar da shi a Inugu, inda ya auri 'yar ƙabilar Ibo.

Abin da ya bambanta shi da sauran fatake shi ne bai tsaya a bakin zango ba. Ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dakta Nnamdi Azikiwe, wanda shi kansa haifaffen Zungeru ne mai jin Hausa, ya yi aiki a cikinta har ya shugabanci reshen matasanta na Inugu. Daga nan ya shiga majalisar gari a farkon shekarun 1950, kuma da aka mai da Inugu cikakken birni a 1956 shi ne ya zama Magajin Gari na farko, ya riƙe kujerar zuwa 1958. A tuna cewa wannan ya faru ne a babban birnin Jihar Gabas, lokacin da Azikiwe yake Firimiya a can, Sardauna Ahmadu Bello kuma yake Firimiya a Kaduna a ƙarƙashin jam'iyyar NPC mai hamayya da NCNC. Kuma shekara bakwai kacal ke nan da zubar da jini a Iva Valley.

Masu son daɗin labari sukan ce ai mutanen da ba su san ƙabilanci ba, amma wannan bai isa bayani ba. A fahimtata dalilai uku ne suka haɗu. Na farko, Inugu gari ne na baƙi, kusan kowa zuwa ya yi, saboda haka babu wani tsohon gidan sarauta da zai ce kujerar gadonsa ce. Na biyu, a tsakanin Ibo kansu akwai ja-in-ja tsakanin 'yan ƙasar Udi da ke kewaye da garin da waɗanda suka zo daga Anaca da Owerri da sauran wurare, kuma mutumin da ba ya cikin kowane ɓangare yakan fi sauƙin karɓuwa ga kowa. Na uku, jam'iyyar tana son ta nuna wa duniya cewa ta ƙasa baki ɗaya ce. Amma duk waɗannan da ba su amfane shi da komai ba in da bai riga ya shiga cikin jama'a ya yi musu wahala sun san shi ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma shi ya yarda a gwada shi.

Faɗuwar Kwal Da Watsewar Gidaje

A daidai lokacin da yake sauka daga kujera, haƙar kwal ta kai ƙololuwarta, inda aka fitar da kimanin tan dubu 900 a shekarar 1958 zuwa 1959. Jiragen ƙasa suna ƙona shi, tashar lantarki ta Oji tana ƙona shi, haka ma masana'antar siminti ta Nkalagu. Amma tun a 1956 an riga an sami man fetur a Oloibiri, hukumar jiragen ƙasa ta fara sauya injuna zuwa masu shan dizal, daga baya kuma madatsar ruwa ta Kainji ta fara ba da wuta a 1968. Manyan masu saye suka janye ɗaya bayan ɗaya, aka shiga rage ma'aikata.

Sai kuma babbar musiba ta 1966. Bayan juyin mulkin Janairu da na Yuli da kashe-kashen da aka yi wa 'yan Gabas a garuruwan Arewa, dubban Ibo suka gudu gida, 'yan Arewa mazauna Gabas su ma ramuwar gayya ta ci wasunsu, sauran aka umurce su da su fice. Jirgin da ya saba ɗaukar shanu da kwal ya koma ɗaukar 'yan gudun hijira ta kowace fuska. Gidajen da aka gina cikin shekara talatin ko arba'in suka watse cikin kwanaki, aka bar rumfuna da bashi da ƙaburburan iyaye, aka raba wasu 'ya'ya da dangin uwayensu. A Inugu aka yi shelar Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, sojojin tarayya suka kama garin a watan Oktoba na wannan shekara, yaƙin bai ƙare ba sai Janairun 1970. Kafin nan ruwa ya cika ramukan. An yi ta ƙoƙarin farfaɗo da mahaƙun Onyeama da Okpara, amma ba su sake komawa yadda suke ba, har haƙar Hukumar Kwal ta tsaya a farkon shekarun 2000. Sunan dai ya rage, domin jihar da aka ƙirƙiro a 1991 da kirarin Garin Kwal take tinƙaho. Fatakenmu kuwa sun koma bayan yaƙi, jikokinsu suna can suna cinikin dabbobi da albasa da hatsi.

Namu Garin Haƙa

Kada mu ɗauka wannan labarin na wasu ne kawai, domin mu ma muna da garin haƙa a bakin ƙofarmu. A Kalambaina da ke Ƙaramar Hukumar Wamakko aka sami dutsen farar ƙasa mai yawan da har masana ilmin ƙasa suka raɗa wa shimfiɗar dutsen sunan garin. A kansa aka kafa Kamfanin Siminti na Arewa a 1962, ya fara aiki a 1967, aka sayar da shi ga 'yan kasuwa a 2000, daga bisani ya koma hannun BUA, wanda ya ƙara sababbin layuka a 2018 da 2022. Shekara fiye da hamsin ke nan ana fasa dutse a wurin. Akwai gidajen da kaka da uba da jika duk can suka ci abinci, akwai baƙin da suka zo aiki suka zama 'yan gari, akwai gonakin da suka zama rami. Tarihin Inugu ya nuna cewa kowace mahaƙa tana da ranar ƙarewa, ko dai dutsen ya ƙare ko kasuwarsa ta mutu, kuma abin da yake saura shi ne makarantu da hanyoyi da sana'o'in da aka kafa tun tana da rai.

Kammalawa

'Yan uwa, abu uku nake roƙo. Na farko, kowane gida da yake da tsohon da ya yi zaman Gabas ko Ikko ko Kumasi ko aikin Kalambaina, a zauna da shi a ɗauki maganarsa tun yana da sauran ƙarfi: wace shekara ya tafi, wa ya sauke shi, wa ya aura, su wa ya bari a can. A kawo wa kwamitin wannan mujalla abin da aka samu domin a adana, tare da hotuna da tsofaffin takardu. Mu da muka gaji Waziri Junaidu da irin hidimar da ya yi wa tarihi, abin kunya ne a ce labarin Malam Umaru Altine sai a littattafan baƙi muke tsintarsa.

Na biyu, duk inda muke zaune mu yi rajistar zaɓe a can, mu halarci taron unguwa da na iyayen yara da na 'yan kasuwa, mu biya abin da ake biya, mu nemi abin da ake nema. Mutumin Sifawa bai daina zama Basakkwace ba don ya yi wa Inugu aiki, hasali ma da sunan Sakkwato ake ambatonsa har gobe.

Na uku, mu dubi baƙin da suke zaune a cikin birninmu shekara da shekaru, waɗanda 'ya'yansu a nan aka haife su kuma Sakkwatanci suke yi kamar kowa, mu tambayi kanmu ko mun yi musu kwatankwacin abin da aka yi wa namu a 1956. Abin da mutum ya shuka shi yake girba, kuma 'ya'yanmu da ke zaune a garuruwan wasu su ne za su fara cin amfanin.

Allah ya jiƙan Malam Umaru Altine da sauran magabatanmu da suka kwanta a ƙasashen nesa, ya albarkaci zuriyarsu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.